Ƙofar Shingen Don Fermin

Shin daidai ne mutum ya so abu saboda kyansa, alhali ya san ɓarnar da aka yi kafin a same shi? Na daɗe ina yi wa kaina wannan tambaya a ɗan ɗakin majigi na sinimar garinmu, har yau ban sami amsar da za ta bar ni in huta ba.

Sunana Lisandro. Ni ke kunna fim a sinima ɗaya tak da ta rage a kwarinmu, can arewacin New Mexico. Ban yi nisa a makaranta ba. Ɗan abin da na sani, ta 'yar tagar da hasken majigi ke fita na koye shi.

Ranar Litinin aka kawo mini kabewa.

A wajenmu, in ka tura manyanka neman aure aka hana ka, sai a ce an ba ka kabewa. Yawanci a baki ake faɗa. Amma Don Fermin Archuleta ba ya barin magana a baki. Ƙatuwar kabewa ya sa aka ɗauko a bayan akori-kura, aka dire ta a ƙofar sinima da rana tsaka, kowa na gani.

Tiya Cleofas, wato Gwaggo Cleofas, ce ta fara fitowa. Yayar Don Fermin ce, kuma ita ke sayar mana da tikiti da gugguru tun rasuwar mijinta, abin da ƙanen nata bai taɓa yafe mata ba. Ta ƙwanƙwasa kabewar da ɗan yatsa, ta kara kunne.

"Ta nuna," ta ce. "Ko ba komai Fermin bai rena ka ba, mai kyau ya zaɓo. Ɗauko ta in gasa mana da kirfa."

"Tiya, 'yarsa ya hana ni."

"To sai mu haɗa asara biyu? Ɗauko ka ji."

'Yar tasa ita ce Amparo. Ita kaɗai gare shi, ita ce kuma hannun damansa a garke. Ta haura shekara ashirin da biyar, tana iya kayar da maraƙi ta ɗaure shi kafin namiji ya gama gyara malafarsa. Don Fermin yana son ta auri Beto Maestas, maƙwabcinsu, wanda idon ruwan da ba ya ƙafewa ke cikin filinsa. Ni kuwa, in ji shi, ɗan sinima ne. A bakinsa babu zagin da ya kai wannan.

Yana da dalilinsa.

Tun Amparo na ƙarama masu shirya fim suka zo daga California, suna neman filin da za su ɗauki fim ɗin kaboyi. Don Fermin ya ƙi. Matarsa, Doña Eloisa, ita ta yi ta lallashinsa har ya yarda. Mai ɗaukar hoton wani tsoho ne marar magana, wanda kan yini zaune kusa da kyamararsa yana jiran rana ta sauko inda yake so. A wurin ƙarshe na fim ɗin, jarumin yana isowa ƙofar shinge da yamma, ya sauka daga doki, ya shige, ya ja ƙofar ya rufe.

Ƙofar nan a buɗe suka same ta.

Duk ɗan da aka haifa a ƙasar kiwo ya san ka'idar: ka bar ƙofa yadda ka same ta. In a rufe take, akwai dalili. In a buɗe take, akwai dalili. Wannan an bar ta a buɗe ne don shanu su riƙa wucewa zuwa komin ruwa, ga shi tsakiyar zafi ne. Baƙin suka gama aikinsu, suka tattara kaya suka tafi, suna ganin sun yi ladabi da suka bar wa mai fili ƙofarsa a rufe. Da aka je dubawa, sai aka tarar da shanun kwance matattu a jikin waya, ruwan yana gabansu suna ganinsa.

Don Fermin ya rantse ba zai taɓa kallon fim ɗin ba, kuma babu na gidansa da zai kalla. Doña Eloisa ta rasu da sanyin shekarar, da ciwon ƙirji, kafin fim ɗin ya iso garinmu.

Ni kuma, kaico, duk duniya babu fim ɗin da nake so kamarsa.

Mutanen gari fim ɗin barci suke ce masa. Ba a harba bindiga sai sau ɗaya, shi ma daga nesa. Mutum ne ya dawo daga yaƙi yana neman gida, yana tafe a kan doki, ƙasa tana ta buɗewa gabansa. Kyamarar ba ta bin sa da gudu. Tsayawa take ta bar shi ya ƙanƙance, har sai ka gane ba labarinsa ake ba ka ba, labarin filin ne da girmansa. Duk shekara nakan roƙi mai sinima ya bar ni in nuna shi mako guda. Yakan yarda don ya san babu mai zuwa, kujeru su huta.

A makon nan ne Amparo ta zo.

Ranar Laraba ce da la'asar, zauren babu kowa. Na ji takun takalminta a kan matakala kafin in gan ta. Ta tsaya a bakin ɗakin majigi, malafarta a hannu, idanunta sun yi ja.

"Ka ci kabewar?"

"Tiya ta gasa. Ta yi zaƙi."

Ta yi 'yar dariya, dariyar ta karye ta zama kuka. Na jawo mata kujerata, ni na zauna a kan akwatin faifai.

"Ya ce in zaɓa, Lisandro. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Muna cin abinci ya ajiye cokali ya ce, 'Mija, 'yata, ba zan ɗaure ki ba, ke ba maraƙi ba ce. In Beto bai yi miki ba, ki zauna haka. Amma in kin bi ɗan sinima, kin bi shi ke nan. Ƙafarki ba ta sake taka filin nan.'"

"Me kika ce?"

"Me zan ce? Kabarin Mama yana filin nan. Kowane maraƙi a garken nan a hannuna ya faɗo. In na tafi, wa zai hau tudu da sanyi ya fasa ƙanƙarar komi? Shi, da gwiwar nan tasa?"

"To ki zauna."

Ta ɗago ta dube ni kamar na mare ta.

"Haka kawai? Ki zauna? Kai ba ka iya faɗa ba ne? Beto jiya har da sabon sirdi ya kawo mini, yana ta zuba kamar rediyo. Kai kuwa sai ka zauna cikin duhu kana tunani. Wani lokaci ji nake kamar in girgiza ka."

"In na raba ki da filin nan, Amparo, rabinki zan samu. Ɗaya rabin kullum yana can yana leƙen shinge."

Ta share fuska da bayan hannu. Ta daɗe tana kallon faifan da ke ɗaure a jikin majigi.

"Shi ne fim ɗin?"

"Shi ne."

"Kunna mini."

"Don Fermin ya hana."

"Ya hana ni kai ma, ga ni nan. Ina so in ga abin da ya ci mana shanu, yanzu kuma yake neman cin aurena."

Na kunna. Ta sauka ta zauna ita kaɗai a tsakiyar zauren, ni ina kallon ƙeyarta ta 'yar tagar. Na zaci za ta gaji. Ba ta ko motsa ba. Ta ga tudunsu da sassafe, hazo kwance a gindinsa kamar madara a ƙwarya. Ta ga inuwar gajimare tana rarrafe a kan ciyawa, tsohon nan mai ɗaukar hoto ya bar ta ta ƙetare allon daga wannan gefe zuwa wancan, bai yanke ba. Na san me take ji. Ƙasar da ka taka duk rayuwarka, ba ka taɓa tsayawa ka gan ta ba sai da baƙo ya tsayar da kai.

Sai wurin ƙofar ya zo.

Rana ta kusa faɗuwa, hasken ya zama ruwan zuma. Kowace ƙaya ta wayar shingen ta kama wuta. Jarumin ya rufe ƙofa, ya ja dokinsa ya fita daga allon, amma kyamarar ba ta bi shi ba. Ta tsaya a kan ƙofar, da tudun da ke bayanta. Can saman tudun, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake, akwai wani a kan doki. Na sha ganinsa. Na ɗauka cikin 'yan fim ne.

Amparo ta miƙe tsaye.

"Tsaya! Lisandro, mai da shi baya!"

Na tsai da injin, na mayar, na sake kunnawa. Ta taka har gaban allon, inuwarta ta hau kan shingen.

"Mama ce," ta ce. "Dubi yadda ta riƙe ƙugu da hannu ɗaya. Babu mai zaman sirdi haka sai ita. Wannan goɗiyarta ce, mai ruwan toka. Wayyo Allah, Mama ce."

A allon, macen ta ɗaga hannu ta kare rana daga idonta. Iska ta ɗaga gashinta. Sai duhu ya rufe.

Amparo ta hawo matakalar da gudu, ta kama hannuwana biyu.

"Ka ga mafita! Papa ba shi da hotonta ko ɗaya tana motsi. Na aurensu kawai, tana tsaye kamar an dasa ta. Ka je ka gaya masa. Ka ce kai ka gano ta, kai ka adana ta duk shekarun nan. In ya gan ta, zuciyarsa za ta narke, wallahi na san shi. Ranar zai ba ka ni."

Na so in ce to. Allah ya sani na so.

"Ba zan iya ba."

"Ba za ka me ba?"

"In na je masa da wannan, na mai da mahaifiyarki ƙugiya ke nan. In ɗana masa ita, ya haɗiya, in jawo. Ko ya ba ni ke, ba ni ya yarda da shi ba, kewarta ce ta kayar da shi. Ranar da ya farfaɗo zai gane abin da na yi masa."

"To ƙarya za ka yi masa? Ba ita ba ce?"

"Ita ce. Shi ya sa."

"Kai dai ka fi son tambayoyinka da ni." Ta saki hannuna. "Mutum yana nutsewa, an miƙo masa igiya, shi yana tambayar wa ya tufka ta."

"Ke 'yarsa ce. In kin ga ya kamata ya sani, ki gaya masa don shi, ba don mu ba. Amma kada sunana ya shiga."

Ta ɗauki malafarta. A bakin matakala ta juyo, hawaye na bin kumatunta.

"Ni ma ba zan iya ba, ai ka sani. In na buɗe baki, don mu zan faɗa."

Da ta fita, motar Beto na tsaye a tsallaken titi gaban shagon abincin dabbobi. Ya bi ta da ido har ta shiga tata motar, sannan ya tsallako, ƙarfen ɗamararsa na walƙiya. Beto ba mugu ba ne. Shi dai bai taɓa ganin abu ya bar shi a cikinsa ba.

"Malam mai duhu," ya ce, "yau har an yi ɗan kallo? Fim ɗin barci ne, ko? Na ga idonta kamar ba barcin ta yi ba."

"Sannu, Beto."

"Ina kabewarka? In ba ta ishe ka ba akwai wasu a gonarmu."

Tiya Cleofas ta leƙo ta tagar tikiti. "Ka adana su, ɗan nan. Yadda nake ganin tafiyar, za ka buƙaci mai taya ka ci."

Ya yi dariya, amma kunnuwansa sun yi ja. Na san kafin rana ta faɗi labari ya kai gidan Archuleta.

Washegari da hantsi ina share ƙofar sinima, sai ga tsohuwar akori-kurar Don Fermin. Ya fito a hankali saboda gwiwarsa. Amparo na zaune a gaba, kanta a sunkuye. Ya tako har bakin dandamali ya tsaya, daidai inda aka dire kabewar. Ƙofar sinima a buɗe take don iska ta shiga, amma ko kallonta bai yi ba.

"Barka da hantsi, Don Fermin."

"An ce ka nuna wa 'yata abin da na hana."

"Na nuna mata."

"Ita ta ce, ko kai ka ja ta?"

"Ni na kunna injin, señor."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. Tiya Cleofas ta daina juya gugguru.

"Gaya mini," ya ce. "Na ji an ce duk shekara sai ka nuna shi, kai da kujeru. Me kake gani a ciki?"

Ga igiyar nan kuma an sake miƙo mini. Ina jin idon Amparo a kaina ta gilashin mota.

"Haƙuri nake gani," na ce. "Mutumin da ya ɗauke shi bai tilasta wa ƙasar nan komai ba. Jira ya yi har ta nuna masa fuskarta. Akwai wurin da inuwar gajimare ke ƙetare filinku, bai gaggauta ta ba. Akwai hasken yamma a kan waya, wanda ban taɓa ganin irinsa ba, ko da yake a nan aka haife ni."

"A bayan hasken nan shanuna suka mutu."

"Na sani."

"Ka sani, kuma kana son sa."

"Ina son sa. Na yi ta neman yadda zan daidaita biyun, na kasa. Kyan bai biya shanun ba. Shanun kuma ba su kashe kyan ba. Ban san abin da mutumin kirki ya kamata ya yi da wannan ba."

Wata mota ta wuce, direban ya ɗaga wa Don Fermin hannu, bai amsa ba.

"Shi ke nan abin da ka gani? Waya da gajimare?"

"Shi ke nan abin da zan faɗa."

Sai na ga haɓarsa ta motsa. Ya kau da kai wajen duwatsu.

"Eloisa ta dawo gida ranar tana dariya," ya ce, ba da ni yake ba sosai. "Ta ce, 'Fermin, tsohon nan ya juyo da na'urarsa wajena. Ka auri 'yar fim.' Bayan an ga shanun, na gaya mata maganganun da ba a gaya wa mace. Na ce baƙinta ne, ita ta kashe su. Na ce ko a kabari nake ba zan kalli abin ba. Ba ta sake ambatonsa ba, har ta tafi."

Ashe ya sani. Duk shekarun nan ya sani.

Ƙofar motar ta buɗe. Amparo ta fito ta tsaya, hannunta a kan baki.

"Papa..."

"Jiya na zauna ina jira," ya ce, ya juyo gare ni. "Da Beto ya gama surutunsa, na ce wa kaina, yanzu ɗan sinima zai zo da ita a hannu kamar mai tallan kaya. Na shirya abin da zan gaya maka. Na jira ka har na kashe fitila. Ita ma wannan ta zauna gabana tana tauna gurasar tortiya kamar tana tauna fata, ba ta ce uffan ba." Ya gyara tsayuwa. "Ka ga Eloisa a fim ɗin?"

"Na gan ta, señor."

"Me ya hana ka zuwa? Da wataƙila ka sami abin da kake nema."

"Abin da ya hana ni ke nan."

Tiya Cleofas ta fyace hanci da ƙarfi a bayan taga. "Ni dai na gaya maka yaron nan wawa ne irin naka, Fermin."

"Yi mini shiru, Cleofas."

"Ni na yi maka wanka kana tsirara, ba ka isa ba."

Bai kula ta ba. Muryarsa ta yi ƙasa, har sai da na matso.

"Ana ganin fuskarta?"

"A'a. Tana nesa, can kan tudu. Amma ta riƙe ƙugu da hannu ɗaya. Daga baya ta ɗaga hannun ta kare rana."

Ya lumshe ido.

"A ƙarshe take?"

"A ƙarshe. Zan iya ɗaura faifan ƙarshe kawai, ba sai ka..."

"A'a." Ya buɗe ido. "Daga farko. Tsohon nan ya jira, ni ma zan jira. Kuma kada ka tsallake mini ƙofar."

Ya cire malafarsa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba sai a coci. Ya ɗaga ƙafar mai ciwo ya hau dandamalin. Amparo ta zo da sauri za ta kama shi, ya ba ta gwiwar hannunsa ba tare da ya dube ta ba.

"Injin naka yana iya tafiya shi kaɗai?" ya tambaye ni.

"Na ɗan lokaci, kafin a canza faifai."

"To in ka kunna, ka sauko ka zauna inda zan gan ka. Ba na son mutum yana kallon ƙeyata daga sama. Maganar kabewa kuma, sai mun fito."

Amparo ta dube ni ta bayan kafaɗarsa. Ba ta yi murmushi ba, tsoro ya hana ta, amma idanunta sun cika.

Suka shige. Na bi bayansu. Da muka kai ƙofar zauren, Don Fermin ya tsaya, ya ɗora tafinsa a kan katakon. Hasken rana daga titi yana kwarara ta nan har kan allon, ya wanke shi fari fat.

"Wannan fa?" ya ce. "A buɗe na same ta."

"In za a yi kallo, rufewa ake, señor. In ba duhu, ba za ka gan ta ba."

Ya jinjina kai a hankali. Na miƙa hannu zan ja, ya ture hannuna.

Shi ya rufe ta da kansa.